Wuta ta dawo da ƙarfi, amfilifaya ta mutu: a gyara ko a sayi sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaranjiya da dare an ɗauke wuta ana ruwa da tsawa. Da aka dawo da ita sai na ji "fat" daga bayan amfilifayata, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ga ƙauri ya tashi. Tun daga nan ko fitilar gaba ba ta kamawa. In kai ta gyara ne, ko in haƙura in sayi sabuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri. Kada ka yi saurin zuwa kasuwa, domin sau da yawa abin da ke ƙonewa a irin wannan yanayi ƙaramin abu ne da aka sanya musamman don ya tare wa sauran kayan ciki.

Da farko ka zare filogin, ka daina gwada kunnawa. Na sha ganin mutum ya danna maɓalli sau goma yana fatan ta farfaɗo, alhali kowace dannawa ƙara ɓarna take yi. Sannan ka jona wani abu a soket ɗin, ko da fitila ce, don ka tabbatar ba shi ne ya lalace ba.

Sai fis. A yawancin amfilifaya yana kusa da inda wayar wuta ke shiga, ɗan kwalba ne ƙarami mai siririyar waya a ciki. Idan wayar ta tsinke kawai kuma gilashin yana nan garau, da sauƙi. Idan kuwa cikin ya yi baƙi kamar hayaƙin aci-bal-bal, to wuta mai yawa ta ratsa, kuma akwai abin da ya ƙone a gaba. Lambar da ke jikin ƙarfen fis ɗin ita ce abin dubawa: idan an rubuta T2A, ka sayi T2A. Harafin T na nufin mai jure bugun farko na kunnawa, F kuma mai saurin tsinkewa. Ina roƙonka kada ka yarda wani ya naɗa masa waya ko takardar gwangwani. Yin haka na iya ƙona taransifoma, ko ma ya tada gobara. Idan sabon fis ya sake tsinkewa nan take, ka tsaya a nan.

Su kuma lasifikokin, ka cire wayoyinsu daga amfilifaya, ka ɗan taɓa bakin wayoyin biyu a batirin bolt 1.5. Mai lafiya za ta yi ƙara "kaf", ka ga takardar ta motsa. Idan kana da mitar gwaji irin ta masu gyara, lasifika mai lafiya da aka rubuta om 8 a jikinta kan nuna wajen 6 ko 7. Kada ka mayar da su sai an gama gyara, domin amfilifayar da taransistocinta suka ƙone tana iya tura wuta kai tsaye ta cinye su.

Buɗe murfi kuwa aikin mai gyara ne. Manyan kafasita na riƙe wuta ko bayan an zare filogi, kuma jansu ba wasa ba ne. Ka ce ya nuna maka abin da ya ƙone da idonka. Idan fis ne, ko wani ɗan faifai shuɗi da ke shanye bugun wuta, ko kafasitar da samanta ya kumbura, gyara ya fi, musamman tsohuwar amfilifaya mai nauyi. Amma idan babban allon da ke kula da HDMI, wato wayar da ke ɗaukar hoto da sauti, shi ne ya tafi, kuma kuɗin gyara ya haura rabin na sabuwa, ni dai sabuwa zan saya, in riƙe lasifikokina.

Tambaya: Malam, ni tawa ba ta lalace ba tukuna. Sitabilaiza zan saya ko soket mai kariya?

Amsa: 'Yar'uwa, aikinsu ba ɗaya ba ne. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ke zuwa ƙasa-ƙasa ko sama-sama na tsawon lokaci, amma bugun da ke zuwa cikin ƙiftawar ido yakan riga ta. Tare irin wannan bugun shi ne aikin soket mai kariya. Ki duba kwalinsa ki ga adadin jul da aka rubuta, wato ma'aunin ƙarfin bugun da zai iya shanyewa, wanda ya fi yawa ya fi juriya. Wanda babu wannan lamba a jikinsa, ƙarin waya ne kawai. Kariyar tana ƙarewa da yawan bugu, don haka idan fitilarta ta mutu ki canja shi, kuma ba ya aiki yadda ya kamata sai wayar ƙasa ta gidan na da kyau.

Idan wutarku na yawan hawa da sauka, ki haɗa biyun. Tsawa kuwa babu ɗayansu da ke iya tare ta idan ta faɗo kusa. Da hadari ya haɗo ki zare filogi, ki zare wayar eriya da ta dish, domin ta nan ma bugun ke shigowa ya bi wayar HDMI har cikin amfilifaya. Idan an ɗauke wuta ki kashe soket, in an dawo da ita ki ba ta mintuna kaɗan ta zauna kafin ki kunna.