Bokanya Ce Ko Mai Gane-Gane?

Wata 'yar'uwa daga Aboabo a nan Kumasi ta rubuto cewa tana rubuta labarin kisan kai. An tsinci gawar wani ɗan kasuwar goro, ɗan sandan ciki ya rasa bakin zaren, sai ga wata mai koko da ƙosai da ke ganin abin da ya faru duk lokacin da ta riƙe carbin mamacin. Ta sa mata suna bokanya, yayarta ta ce sunan bai dace ba. Wa ke da gaskiya?

'Yar'uwa, yayarki ta fi ki gaskiya. Bokanci sana'a ce. Boka yana da ɗaki, yana da saiwoyi da layu, ana zuwa masa da kuɗi ko kaza. Mai kokonki ba ta nemi abin ba, afka mata yake yi tana tsakar tuya. Haka ma "mai duba" bai hau ta ba, domin duba sai da kayan aiki, ko kuɗin wuri ko ƙasa. Mai bugun ƙasa yakan shimfiɗa yashi ya yi ɗige-ɗige da yatsa, ya fitar da gidaje 16, sannan ya karanta.

Na taɓa ganin wannan ina yaro, da zanen kakata ya ɓace. Malamin ya share yashin da tafin hannu sau uku, ya ce doguwar mace ce baƙa, kuma tana shiga gidan. Dogayen mata baƙaƙe huɗu ne a gidanmu. Wata guda aka yi ana gaisuwa ciki-ciki, sannan zanen ya fito a ƙasan adakar kakar tawa.

Hausa ba ta da kalma ɗaya tilo ga wannan baiwa, saboda Bahaushe yakan fara tambayar daga ina sanin ya zo. Waɗanda muka aro daga Larabci sun nuna haka. Wahayi na annabawa ne, kada ki kusance shi. Ilhama abu ne da ake jefa wa mutum a zuciya ba tare da ya ga komai ba. Kashafi yaye labule ne, kalmar sufaye ce, a zawiyya za ki ji ta a kan shehunai, kuma mai karatu zai yi turus in kin ɗora ta a kan mai koko. Istihara kuwa salla ce da addu'ar neman zaɓin Allah, ko da yake mutane sun ja ta har ta koma "a kwana a gano mini ɓarawo". Saura firasa, wato karanta mutum daga alamunsa, yadda idonsa ke gudu, yadda muryarsa ta sauya da aka ambaci ranar Talata. Wannan ta ɗan sandanki ce, ki ba shi ita.

Ita mai kokon, ki saurari abin da matan zango za su faɗa a bakin famfo: "Ai tana gane-gane." Masu sonta su ce an buɗe mata ido. Maƙiyanta kuwa kalma ɗaya za su yi amfani da ita, mayya, kuma a nan labarinki zai yi nauyi. A wurinmu wanda ya san yadda mutum ya mutu alhali ba ya wurin, shi ake fara tuhuma. Ba tatsuniya ba ce: a 2020, a Kafaba kusa da Salaga a arewacin Ghana, an lakaɗa wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 duka har ta mutu bayan wata mai duba ta nuna ta da maita, kuma har yau akwai matan da ke zaman gudun hijira a Gambaga kan irin wannan zargi. Matar da ta ce ta ga kisa a carbi ta san abin da take jawo wa kanta. In ta yi shiru babi uku, zan yarda da ita.

Kin kuma tambaya ko irin wannan labari yana cikin na bincike. Ronald Knox, wani limamin coci ɗan Ingila mai rubuta irin waɗannan labarai, ya jera ƙa'idoji 10, ciki har da cewa ba gaibu a warware kisa, kuma kada mai bincike ya dace da gaskiya ta hanyar jin da ba shi da dalili. Marubuta da yawa sun taka ƙa'idar, ba kuma wanda ya kama su. Amma dalilinsa yana nan: in carbi zai faɗi sunan mai kisan, me mai karatu zai yi da sauran shafuka? Ki bar ta ta ga guntu, takalmi ɗaya, ko ƙamshin turare, ta kuma yi kuskure wani lokaci. Alƙali ba ya karɓar mafarki, kuma Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ita za ta kawo zato, shi ɗan sanda ya nemo shaida.

Wani ɗalibi daga Nima a Accra ya tambayi ma'anar "In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba", da ko daidai take da "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya".

Ɗana, ba ɗaya ba ne. Ta biyu tana cewa asiri zai tonu. Ta farko ba ta yi alkawarin kama kowa ba, ciwon wanda aka cuta kawai take faɗa. "Ci" a nan kisa ne, don an ce maye kurwar mutum yake kamawa ya ci. Ta fi dacewa a bakin uwar mamaci a ranar sadakar arba'in, ta faɗe ta ba tare da ta kalli kowa ba.