Ga ƙanenmu mai dawaki uku a sukuwar Asabar

Assalamu alaikum 'yan barga. Ƙanena, na karanta tambayarka har sau uku, kuma wallahi sai da gabana ya faɗi. Ka ce maigidanka ya sa dawaki uku a sukuwar Asabar, ya matsa maka ka gaya masa wanne zai ɗauko kofi, ga shi kuma babban abin dogaron naku, akawal ɗin nan, wato baƙin dokin, ka ji ɗumi a bayan ƙafarsa ta gaba bayan kilisar jiya. Kana tambaya me za ka ce wa Alhaji. Ni ma an taɓa yi mini wannan tambayar, na ba da amsar da har gobe nake nadamarta.

Dokin da nake kula da shi a lokacin kili ne, wato farin doki, ɗan Sudan, shekara huɗu yana hannuna. Ni na fara ɗora masa sirdi a bargar, ni nake kwana a gefen turkensa idan cikinsa ya ɓaci. Saura kwana uku gasa, da asuba na shafa ƙafafunsa kamar kullum, sai na ji jijiyar ƙafar hagu ta fi ta dama ɗumi, da ɗan kumburi kamar kaurin yatsa. Na matsa wurin, ya janye ƙafar. Na san abin da hakan ke nufi. Amma da maigidan ya zo da yamma da abokansa cikin motoci, yana ta cika baki cewa bana kofin na gidansa ne, sai bakina ya mutu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, akwai ɗan abu a ƙafar, amma da sauƙi." Wannan "da sauƙi" ita ta kashe ni. Washegari ya aiko wani mai kiran kansa likita, wanda ko takardar koyon aikin ba shi da ita, ya danna wa dokin allurar kashe zafi ba tare da an tambaye ni ba. Na shigo na tarar da kwalbar a cikin harawa. Allurar nan ba ta gyara jijiya, ciwon kawai take ɓoyewa, doki ya taka da dukkan ƙarfinsa a kan ƙafar da ta riga ta fara tsinkewa.

Lokacin hunturu ne, filin ya bushe ƙamas kamar daɓe. Mita 1,600 aka yi. Har kwanar ƙarshe shi ne a gaba, jama'a na ihu, ni kuwa idona na kan ƙafar nan kaɗai. Sai na ga kansa ya yi sama, ya sake yin sama, joki yana ta jan linzami. Da na isa wurin a guje yana tsaye da ƙafa uku, gumi na zuba, jikinsa na ɓari, ya sa hancinsa a ƙirjina kamar yadda yake yi in na kawo masa dusa. Idon sawun ya sauka kusan ƙasa. A nan gaban mutane maigidan ya nuna ni da yatsa ya ce ni na kashe masa doki, wai ban gaya masa komai ba. Mutumin da na yi wa aiki shekara tara! Ko kuɗin watana bai ba ni ba, yaronsa ya aiko ya karɓi makullin ɗakin abinci. Mai allurar kuwa har yau yana yawo barga-barga da jakarsa, ana kiransa dakta. In na gan shi a fili sai in sauya hanya, don zuciyata ba ta huce ba.

To ka ji. Kada ka ce "da sauƙi". Gobe da sassafe, kafin rana ta fito, shafa ƙafafun gaban duka biyu ka gwada su da juna. Ka sa yaro ya ja shi da ragama ya yi sassarfa a ƙasa mai tauri, kai kuma ka tsaya a gaba. In yana ɗaga kai duk lokacin da ƙafar ta taka ƙasa, ciwo ne, babu wata tantama. Ka duba kofaton ma, wani lokaci tsakuwa ce ko ƙusa, wannan sau da yawa ya fi saurin warkewa. Amma in jijiya ce, maganar watanni ake yi, wata har shekara, kuma gudu ɗaya ya isa ya mayar da ita ta har abada. Ka riƙa zuba masa ruwan sanyi kamar minti 20, sau biyu ko uku a rana, ka nemo likitan dabbobi na gaskiya. Kuma don Allah ka kwana kusa da shi har Asabar, kada kowa ya shiga da allura.

In za ka yi wa Alhaji bayani, kada ku kasance ku biyu. Ka samu dattijon da yake jin nauyinsa ya zauna, ko ka tura masa saƙon murya ta WhatsApp ya zama shaida. Da na yi haka da ba a tozarta ni ba. Mu masu kula da dawaki ba mu da takarda, ba mu da mai tsaya mana, in an ci kofi hoton mai doki ake ɗauka, in an faɗi a nemo ɗan barga. Yaran da ke yankan ciyawa tun duhun asuba ma wa ke tuna su ranar rabon kyauta?

Sauran biyun ba ka faɗi da yawa a kansu ba. Goɗiyar da ka ce tana cinye abincinta tas, numfashinta na dawowa da wuri bayan gudu, ni ita zan sa wa ido, musamman in gajeren zango ne. Ka ce wa Alhaji tana cikin shiri, za ta yi abin kirki in ta samu tashi mai kyau, amma kada ka ce za ta ci, ba ka san abin da mutanen Katsina da Maraɗi za su sauke daga mota ba. Ƙaramin kuwa, tunda fitarsa ta farko ce, ka faɗa masa ganin fili zai je yi da sabawa da hayaniya. Ka auna zafin jikinsu duka da safe, lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius, kuma kada a cika musu ciki da gero dab da tashi.

Kilin nawa an ce an sayar da shi can wani ƙauye, na bi sawu har kasuwa biyu ban same shi ba. Ka dawo ka gaya mana abin da ka ji a ƙafar gobe, ina nan ina jira. Allah ya ba akawal lafiya.