Filtar farko, da janaretan da na sayar a 2015

Ɗana, jiya muna rufe shago ka ce mini, "Maigida, akwati da osileta guda na samu, na kuma tara 'yan kuɗi. Wace filta zan fara saya, irin ta Moog ko mai baki da yawa?" Wato na'urar kiɗan lantarki kake haɗawa guntu-guntu: osileta ke haifar da sauti, filta ke tace shi. Ka ga na ɗaure fuska na wuce masallaci ban ce maka uffan ba. Ba da kai nake ba. Tambayar taka ce ta fama mini wani tsohon miki, har na kwanta ina juyi da shi. Yanzu zauna ka ji, kuma ka kife wayar nan.

A 2015 ne, lokacin da dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki na Gana, ya kai maƙura, wuta ta zo awa 12 ta tafi awa 24. Ina da ɗan janareta ja, shi ke riƙe da shagon nan. Masu gyara a layinmu na Nima suna zaune suna korar ƙuda, ni kuwa ƙarfen dalmata bai taɓa hucewa ba. Wata Alhamis bayan la'asar sai ga wani mai situdiyo daga wajen East Legon, mota mai baƙin gilashi, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya ce an gaya masa duk Akra babu wanda ya san cikin kayan kiɗan lantarki kamar ni. Gaskiya aka gaya masa. Kibod na coci-coci, amfilifayar masu biki, kayan 'yan hailaif, tun ba a yaye ka ba suke bi ta hannuna.

Ya ajiye akwatin Eurorack a kan tebur, wato irin wanda ake jera guntayen na'urar kiɗa da ake kira modul, biyar a ciki, na shida kuma a hannunsa cikin leda: filta ce irin ta tsani, wato irin ta Moog. Ya ce ɗan'uwansa ne ya kawo masa daga Jamus, sabuwa fil, so yake in ɗaura masa kawai. Aikin minti goma. Ya tsaya a kaina yana duba agogo, wayarsa na ta ƙara, wai mawaƙi na jiransa. Na dubi jan layin da ke gefen faffaɗar wayar wuta, na kai shi kan bolt 12 na ƙasa, wato mai alamar ragi, a jikin modul da kuma a allon rarraba wuta. Sau biyu na duba. Na kunna.

Wani siririn hayaƙi ya taso kamar na turaren tsinke, sai warin nan da duk mai gyara ya sani, wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Kafin in kai hannu in kashe, mutumin ya riga ya ɗora hannu a ka yana ihu, "Ka juya waya! Ka ƙona mini kaya!" Jama'a suka taru, har mai wake da shinkafar tsallaken titi ta bar tukunyarta ta zo kallo. Na ce ban juya ba, ga wayar nan a inda take. Ya ce ai na gyara ta ne kafin mutane su iso. Na ce to a bar mini in gyara, ba na son ko sisi. Ya ce shi ba ya aiki da gyararren kaya, sabuwa ya kawo, sabuwa zai karɓa, har kuɗin jirgi da na kwastan, in ba haka ba a haɗu a ofishin 'yan sanda.

Dattawan unguwa suka zauna a kan maganar. Babu ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin irin wannan na'ura, abin da suka gani shi ne hayaƙi ya tashi a shagona, a hannuna. Suka ce, "Malam, sunanka ya fi kuɗin, ka biya a rufe magana." Na biya. Da me? Da janaretan. Na sayar da shi a tsakiyar dumso, na dawo ina zaman jiran wuta kamar kowa, kwastomomin da na yi shekaru ina tarawa suka kama hanyar masu gyaran Circle ɗaya bayan ɗaya. A shekarar nan ragon layya sai da na ci bashi.

Tun da na biya, gawar ta zama tawa. Na jefa ta a durowa wata biyu, ba na ko son ganinta. Wata rana da dare na ɗauko ta, na haska tocila, na sa gilashin ƙara girma. A bakin shigar wuta akwai 'yan rezisto biyu masu rage ƙarfin wuta, ɗaya ya ƙone baƙi ƙirin. Amma dalmar da ke ƙafafunsu ba ta kamfani ba ce. Dunƙule ce kamar kashin akuya, da ragowar man liƙi a gefe, aikin hannun ɗan koyo. A ƙarƙashinsu kuma ga tsohon tabon ƙuna an kankare shi da reza. Na sa mita a kan ayisin, wato ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da yawa, TL074, na iske ya haɗe daga ciki. Ashe shi ne ya juya wayar a gidansa tun da farko, ayisi ya mutu, ya kai wa wani ya canza rezisto kawai don fuska ta yi kyau, sannan ya zo neman wanda zai ɗora wa. Daga baya wani yaro a Tiptoe Lane ya tabbatar mini da bakinsa cewa mutumin ya kawo masa ita mako uku kafin ya zo wurina.

Na tafi har situdiyonsa da modul ɗin a aljihu. Ya bar ni a bakin ƙofa fiye da awa guda, sannan ya aiko mai gadi ya ce ba ya nan, alhali ina jin muryarsa. Har yau in na ji an sa waƙar da ta fito daga wurinsa a cikin tirotiro, motar hayarmu, sauka nake yi ko ban kai ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Daƙiƙa goma. Da na ɗora mita tsakanin ƙafar bolt 12 da ta sifili, wato giraund, kafin in kunna, da ta yi ƙara a gabansa, da shi ne zai fita da kunya. Na bar gaggawar wani ta shiga hannuna. Don haka duk filtar da za ka saya, sabuwa ce ko ta hannu, ko a gabanka aka yage kwalinta, mita tukuna. Ka auna modul ɗin, ka auna ita kanta wayar ƙafa da ƙafa, don na sha ganin waya da aka matse kanta a juye, jan layin yana nuna maka ƙarya. Wasu allunan wutar ba su da katangar da za ta hana ka sokawa a juye, wasu modul ɗin kuma babu dayod da zai kare su. Kayan kwastoma kuwa, a gabansa za ka auna, yana kallo.

Maganar ɗaure sukurori, ƙirga faɗin gurbi, haɗa lissafin wutar da akwatinka zai iya ɗauka, wannan ba zan ɓata bakina ba. Wanda ya shekara biyu a shagona bai san wannan ba, ya koma sayar da katin waya.

To, wace za ka saya? Na san Moog ke ranka, don shi kuke gani a YouTube ku ta gyaɗa kai. Ban raina ta ba. Robert Moog ya jera tiransistoci kamar matakan tsani, hawa huɗu, kowane hawa yana yanke desibel 6 na ƙarfin sauti a kowane oktaf, wato duk lokacin da tsinin sauti ya ninka, jimla 24, kuma ita ce ta ba kibod ɗin Minimoog na 1970 wannan murya mai kauri. Sai dai abu ɗaya ta iya: ta bar sautin ƙasa ya wuce, ta danne na sama. Kuma da ka ɗaga rezonans, mamurɗin da ke ƙara wa sauti kaifi a daidai inda ake yankewa, bes ɗinka, wato sautin ƙasa mai kauri, zai fara ramewa a kunnenka. Yaro ya ji haka sai ya ce kaya sun lalace, alhali halinta ke nan.

Ni dai irin ta Oberheim zan sa ka saya, tsarin SEM na 1974. Desibel 12 take yankewa, a hankali, kuma tana ba ka baki huɗu: mai barin ƙasa, mai barin sama, mai barin tsakiya, da mai cire wani ɗan yanki kaɗai. Da ita za ka koyi abin da tata take nufi. Ka taɓa tsayawa wurin mai koko da asuba tana tace ƙullu? Ƙyalle mai ƙananan ido, koko ya fito sumul. Mai manyan ido, ya fito da tsaki-tsaki. Kotof, mamurɗin da ke zaɓar inda yankewa za ta fara, shi ne girman idon. Kamfanin Doepfer, wanda ya fito da tsarin Eurorack ɗin kansa a tsakiyar shekarun 1990, yana yin irinta mai sauƙin kuɗi, A-106-5. Ta MS-20 ta Korg, ta 1978, mai kururuwa ce, ka bar ta sai kunnenka ya nuna.

In ta iso, kada ka sa mata sautin sayin ka zo kana ce mini ba ta aiki. Sayin ruwa ne zalla, babu abin tacewa a cikinsa, iyaka ƙararsa ta ragu. Ka ba ta sautin haƙorin zarto, shi ke ɗauke da dukkan 'ya'yan sauti. Rezonans a ƙasa, ƙarfin shigarwa rabi, ka rufe ido ka murɗa kotof sannu a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Kamar ranar Lahadi ne ana biki a Mamobi kana cikin ɗaki a rufe, dum-dum kawai kake ji a ƙirji, sai a fara buɗe ƙofa, murya ta shigo, sannan kacau-kacau. Mako guda da hannu kaɗai. Bayan nan ka bar embelof, wato modul ɗin da ke murɗa kotof a madadin hannunka, ya riƙa buɗe ƙofar da kansa duk bugu, a nan ne na'urar za ta fara magana kamar mai rai. Ku yaran yanzu kuna son a rana ɗaya ku soka waya ashirin ku ɗauki hoto ku watsa. Mu wata uku maigidana ya sa ni ina sauraron lasifika ɗaya kafin ya bar ni in taɓa bayanta, har na iya gane hucin wutarmu mai zagaye 50 a daƙiƙa daga bakin ƙofa.

Kuma ka kula da fawa, wato abin da ke ba akwatin wuta daga bango, in daga Amurka ta zo. Tasu bolt 120 ce, tamu 230, karanta jikinta kafin ka soka. In an ɗauke wuta ka zare daga bango, dawowarta ce ke kisa. Lokacin hunturu ka rufe akwatin da zane, ƙura na shiga mamurɗan su fara ƙarar yashi.

Filtar can ta mutumin tana nan. Na sayo ayisi a Zongo Lane da kuɗin da bai kai na kwanon tuwo biyu ba, na canza shi da rezistocin, ta tashi garau. Shekara da shekaru ba ta ga akwatin kowa ba, don ba na son jin muryarta. Gobe bayan asuba ka buɗe durowar ƙasa ta hagu, tana cikin tsohuwar safa. Ka sa ta kusa da wadda za ka saya ka ji bambancin 24 da 12 da kunnenka. Ka zo da mitarka, tawa ba na ba da aro.