Me ya sa hoton Mega Drive ke dishi-dishi a sabuwar talabijin?

Ɗan'uwa na Garwa, ka ce hoton na'urarka ta wasan bidiyo, Mega Drive, ya dushe, kuma in ka danna maɓalli sai an ɗan jima yake amsawa.

Fara da wayar nan mai rawayan kai. Haske da launi duk a igiya ɗaya take cusa su, shi ya sa rubutu ke narkewa. In na'urarka daga Faransa ta zo, nemi wayar Péritel (mai faffaɗan kai, wadda ake kuma kira SCART) mai RGB, wadda ke raba ja da kore da shuɗi.

Jinkirin kuma daban yake. Mega Drive nau'in hoton da ake kira 240p take fitarwa, ko 288p in ta Turai ce, sabuwar talabijin kuwa sai ta ɗauke shi a matsayin wani nau'in daban, 480i ko 576i, ta tsaya gyaran abin da bai lalace ba. Ƙananan akwatunan Péritel zuwa HDMI masu araha su ma haka suke yi, kada ka zubar da sefarka. Na'urar da ake kira OSSC, mai mayar da hoton tsofaffin na'urorin wasa zuwa HDMI, ita ce ta dace: tana ninka layukan nan take, amma ba ta karɓar rawayar waya.

A talabijin zaɓi fasalin hoto na 4:3, kunna yanayin wasa, rage kaifin hoto.

In ta Amurka ko Japan ce, kada ka soka cajarta a wutar 220 kai tsaye, za ta ƙone.