Safayar gwanjo, jarkar fetur da sauran tambayoyinku

Ina yawan zirga-zirga tsakanin Gusau da Sakkwato. Ko ya dace in riƙa ajiye jarkar fetur a but saboda ko-ta-kwana?

A'a, Alhaji. Fetur a jarkar roba, cikin rufaffen but, a zafin watan Afrilu? Tururinsa kaɗai ya isa ya kama da wuta da ƙaramin tartsatsi. Cika tankinka kafin ka bar gari, kuma kada ka bari allura ta sauka ƙasa da rabi. Don Allah a daina aiko min da wannan tambayar.

Aiki ya kai maigidana Legas, yanzu ni ke tuƙa yara daga Kano zuwa Zariya gaida kakarsu. Kullum gabana faɗuwa yake kada mota ta tsaya mana a daji. Me zan tanada?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Hanyar ba ta rabuwa da jama'a, daga Kura har Kwanar Ɗangora akwai masu faci da makanikai. Ki riƙe galan biyu na ruwa, ɗaya na sha, ɗaya na lagireto, amma kada ki taɓa buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, ruwan yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska. Ki haɗa da tocila, da abin cajin waya, da wayar tayar da batir, da jar alamar nan mai kusurwa uku, da filasta da bandeji da farasitamol. Ki kuma riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don ranar da kike buƙatar tura kuɗi ta waya ranar sabis ke ɗaukewa. Lambar 'yan Road Safety 122 ce, kyauta ake kira. Wata Asabar ki sa maigadi ko ƙaninki ya nuna miki inda ake kafa jak, ki kwance taya da hannunki a cikin gida. Sannan ki riƙa fita da hantsi, ki dawo kafin la'asar ta yi sanyi.

Mai faci ya ce in sayi tayar gwanjo in yi safaya da ita, tunda ba kullum ake sa ta ba. Rabin kuɗin sabuwa ce.

To, Malam, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Yaushe ake sa safaya? Ranar da taya ta fashe a nesa da gari, mota cike da iyali da kaya, kwalta ta ɗauki zafi. A wannan ranar ce za ka ɗora rayukanku a kan tayar da wani ya gama moriyarta a Turai ya jefar?

Mutanenmu zanen taya kawai suke dubawa, su danna da babban yatsa su ce da sauranta. Ai roba tsufa take yi ko ba a hau ta ba, ta bushe, ta tsattsage daga ciki. Wasu 'yan kasuwar har sake yanka zanen suke yi da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai ta riƙa ƙyalli. Ka tsuguna ka duba gefen tayar, za ka ga rubutun DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu. In ka ga 2319, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar taya a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare bayan shekara huɗu da ƙerawa. In ka tarar an kankare lambobin, ajiye ta ka kama gabanka, ko da mai shagon ya rantse da abin da zai kashe shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu motar da za su kashe kuɗi kan baƙin gilashi da manyan lasifikoki, amma safayarsu ta shekara biyu ba ta ga famfo ba. Jak ɗin yana wurin maƙwabci, sufanar kuwa ba ta ma shiga notin. In aljihu bai kai ba, sayi sababbi biyu ka sa a ƙafa, ka mayar da mafi lafiya cikin tsofaffin naka safaya, tunda ka san tarihinta. Duk lokacin da za ka sha iska, ka ce a auna har da ita.

Ƙaramin gwangwanin kashe gobara da ake tallarsa a danja ya wadatar?

Amfaninsa kawai a nuna wa jami'an hanya ne, wani ma sun ƙi shi. Nemi gwangwani mai garin hoda a ciki, na kilo ɗaya aƙalla, mai agogo a kai, allurarsa a kan kore, ka duba ranar ƙarewarsa. Ka riƙa jijjiga shi lokaci-lokaci kada garin ya dunƙule, ka ɗaure shi ƙarƙashin kujera inda hannunka zai kai, kada buhunan masara su danne shi a but.