Firam ɗin ayoyi na tafiya amma kuɗin bai dawowa

Wata 'yar'uwa daga Kafanchan ta turo tambaya, tana yin firam na ayoyin Littafi Mai Tsarki, na ratayewa a falo da na kyautar aure. Ta ce lokacin Kirsimeti kaya sun ƙare kaf amma yanzu ko kuɗin gilashi babu, wai ko ta ci bashi ta sayi injin bugawa nata don riba ta ninka?

Toh 'yar'uwa ki ajiye zancen inji tukuna. A cikin saƙonki ke da kanki kika ce yawancin masu ɗauka 'yan cocinku ne, "sai ƙarshen wata" suke cewa, kuma ba ki rubutawa don kina jin nauyi. Nan jarinki ya maƙale. In firam ɗaya ya ci miki kamar 4,000 tsakanin kafinta da gilashi da bugu, kika sayar 6,000, mutum ɗaya ya riƙe miki kuɗi to ribar firam biyu ta tafi, ballantana mutum goma, kuma ke ko sunayensu ba ki iya lissafowa duka, haba.

Na san wani bawan Allah a Jos, hannunsa na da kyau sosai, aka ba shi aikin manyan firam na aure, Joshuwa 24:15 da sunan ango da amarya da kwanan wata, bai karɓi ko sisi ba don wai ɗan mawaƙan cocinsu ne. Aka fasa auren. Wa zai sayi firam mai sunan wasu? Zabura 23 ko ta shekara a shago za ta samu mai so, amma mai suna in ba a karɓa ba asara ce kawai.

Don haka duk aikin da za a sa suna, rabin kuɗi kafin alƙalami, ko matar fasto ce. Ki sayi littafi yau, ki zauna ki tuno duk wanda kike bi, suna da adadi da rana, ki bi su ɗaya ɗaya cikin mutunci amma ba a harabar coci ba, a waya ko a gida. 'Yan Zumuntar Mata in suna son firam da yawa da za su ba da kyauta, ma'ajinsu ta biya a dunƙule kafin kaya su fita. In kin yi wata shida littafin na nuna kuɗi na shigowa, ki dawo mu yi lissafin injin.