Tambaya da Amsa: Sakamakon BECE na makarantar ɗana ya yi muni, in cire shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji 2 a ƙaramar sakandaren gwamnati ta unguwarmu a nan Kano, badi zai zauna jarabawar aji 3. To bana da sakamakon yayyensu ya fito wallahi abin ba kyau, da yawa sun faɗi Turanci da lissafi, alhali wata makarantar kuɗi a bayan layinmu an ce kusan kowa ya ci, har kyallen talla, wato bana, suka rataya a bakin get. Babansa ya ce mu mai da shi can ko da bashi ne, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Me ka gani? Daga Maman Abba.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya raya mana shi ya yi masa albarka. Ina tare da ke a kan wannan rashin kwanciyar hankalin, kada ku ci bashi tukuna.

Wannan jarabawa da ake kira BECE ita ce ke rufe shekara 9 na ilimin tushe, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, tsarin da dokar ilimin tushe ta ƙasa (UBE) ta 2004 ta ce kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Iri biyu ce, kuma mutane da yawa ba sa lura da haka. Akwai ta jiha, wadda a Kano hukumar KERD ta ma'aikatar ilimi ke shiryawa, akwai kuma ta NECO da makarantun gwamnatin tarayya da wasu makarantun kuɗi ke yi. Don haka tun farko ki tambaya, ita waccan makarantar wace jarabawar suka zauna? In ba jarabawa ɗaya ba ce to kwatancen ma bai tashi ba.

Sannan ita kanta banar da aka rataya, tana faɗin yara nawa suka ci amma ba ta faɗin yara nawa aka hana zama. Akwai makarantun da in sun ga yaro ba zai kai labari ba sai su sa shi maimaita aji 2 ko su ce wa iyayen su nemi wani wuri, sai ya zama zaɓaɓɓu ne kawai suka shiga ɗakin jarabawa, ita ko ta gwamnati ba ta da ikon korar kowa, duk wanda ya fito daga firamare ko karatun sunansa bai iya ba dole ta karɓe shi ta zaunar da shi a aji, wani lokacin a ƙasa ma saboda babu benci. Ga kuma makin CA, wato na gwajin cikin aji, wanda makarantar ce da kanta take turawa a haɗa da na jarabawa, kuma ba kowa ke tsoron Allah wajen cika shi ba. Balle maganar satar amsa, wadda duk mun san ana yi, a rubuta a allo yara su kwafe. Ban ce makwabtanku haka suke yi ba, akwai makarantun kuɗi masu aiki tsakani da Allah, amma kyallen da ke bakin get ba zai gaya miki ko suna cikinsu ba.

Kuma ba wai ina wanke ta gwamnatin ba ne. In yara da yawa sun faɗi Turanci da lissafi shekara bayan shekara to akwai matsala ta gaske, kuma abin yana min ciwo, don ita gwamnatin jihar da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Ki je wajen firinsifal, ke ko babansa, ku nemi ganin sakamakon shekara 3 a jere, darasi-darasi. Ku tambaya malaman lissafi nawa ne, yara nawa ne a ajin Abba, tunda a ƙa'ida bai kamata su wuce 40 ba. In akwai taron PTA ku daina barinsa yana wuce ku.

Abin da ya fi komai shi ne shi Abban. Yau da daddare ki ɗauko littafinsa na Turanci, ki buɗe shafin da ba a kai ba, ya karanta da ƙarfi sannan ya faɗa miki da Hausa me aka ce. In ba ki jin Turanci ki sa yayansa ko wani malami a unguwa ya saurara. Ki lura ko yana tafiya sumul ko kuwa yana bin haruffa da yatsa yana tsayawa a kowace kalma. Ki ba shi rabawa, kamar 456 a raba gida 8, ki ga ko zai fitar da 57 ba tare da ya leƙa bayan littafi ba. Ki duba littafin rubutunsa, yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi? Duk takardun jarabawar nan da Turanci suke zuwa in ban da irin su Hausa da Larabci, yaron da bai gane tambaya ba zai faɗi kimiyya ma ko da ya san amsar.

In ya karanta lafiya ya fahimta, ku bar shi inda yake, kuɗin da za ku ranto ku rage kaɗan ku sa shi lesin na lissafi da yamma ku sai masa tambayoyin baya, ku kuma sa ido a kan jarabawar shiga makarantun kimiyya irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da ake yi daga aji 3. In kuwa ya kasa karatun, to canjin makaranta kaɗai ba zai gyara ba, sai an koma da shi an ɗauko daga tushe, kuma shekara guda ta isa a yi abu mai yawa in an fara yanzu. Idan har kun yanke sai waccan ɗin, ki ce su bari ki zauna a bayan ajin lissafi na minti 20 kafin ku biya ko sisi, in sun ƙi ki nemi wata.